Lukuman Mai Rasit da Gudummawar Jam'iyya

A Dalijan ta ƙasar Gwandu aka haifi Lukuman, kuma tun yana tatata aka gane Allah bai yi shi don yaƙi ba. In zakara ya yi cara kusa da shi, sai ya nemi zanen uwarsa. Da ya girma, tsoron ya girma tare da shi, har ya fi shi ƙiba, don shi Lukuman siriri ne kamar karan dawa. To, ku ji ikon Allah, wannan bawan aka ɗauka aikin yankan rasit a kasuwar Kalgo. Wani kawunsa ne ya nema masa, ya ce aikin hukuma ne, akwai fansho. Bai gaya masa akwai zagi ba.

Shekara talatin da ɗaya yana bin rumfuna da ɗan littafinsa, biro a bayan kunne. In ya ɓullo ta layin 'yan kifi, mata su ja zane su rufe tire. In ya nufi 'yan awaki, sai ka ga awaki goma sun koma uku. An zagi uwarsa, an zagi kakar da ta haifi uwar, wata rana har ruwan wankin kifi aka sheƙa masa. Shi dai maganarsa ɗaya ce: «Ba ni ba ne, aiko ni anka yi.» Bai taɓa cin sisin kowa ba. Wasu na cewa tsoron Allah ne, matarsa Kubura kuwa ta ce tsoro ne dai kawai, kowane iri. Sunansa ma ya ɓace, kowa Rasit yake kiransa. Duk shekarun nan ba wanda ya taɓa ce masa bismilla a kasuwa. Bayan masallaci yake laɓewa ya sha furarsa shi kaɗai.

Da ya ajiye aiki, sai ya je ya durƙusa gaban sarkin 'yan albasa, aka ba shi wuri a ƙarshen layi, dab da kwata. Sai da ya shekara biyu yana kasa albasa a kan buhu kafin wata rana da azahar wani ya ce, «Malam Lukuman, matso mu ci.» Ya waiwaya ya ga ko wani Lukuman ake nufi. Da ya koma gida ranar, sau uku yana ba Kubura labarin kwanon shinkafar nan. Wurin nan na bakin kwata, da ƙudansa da warinsa, ya fi masa kujerar shugaban ƙaramar hukuma.

Ana nan sai guguwar zaɓe ta taso. 'Yan adawa suka hayo mota da lasifika biyu, tana kewaya Kalgo da Dangoma da Diggi, tana cewa in jam'iyyar Alhaji Abdulrahman, mai neman kujerar majalisa, ta ci, to kowa ya shirya. Akuya za ta biya haraji. Injin niƙa zai biya. Kuɗin da ɗanka ya turo maka ta waya daga Legas, sai an gutsura. Har kaza, wai, sai ta biya kuɗin kwanci. Mutane suka yi dariya ranar farko. Rana ta uku ba wanda ya yi. Mata suka fara tura awakinsu wurin dangi a ƙauye, mai injin niƙan unguwa ya daina tayar da shi sai ya leƙa hanya.

Ita kuwa jam'iyyar Alhaji, lasifikarta ta mutu tun damina, aljihun kuma ba nauyi. Sakatarenta, wani yaro mai gilashi da ake kira Abdulhakeem, wanda ya yi boko a Birnin Kebbi har ya yi masa yawa, ya ce a nemi gudummawa wurin jama'a, a sayi fili a rediyo, a hayo mota, a ƙaryata maganar harajin nan. Ya kuma ce abin a yi shi a tsabtace: duk wanda ya ba da ko nawa ne, a rubuta sunansa, a yanka masa rasit, kada gobe a ce an cinye. To wa ya san kowa a kasuwa, wa ya iya rasit, wa ba ya cin amana?

Da hantsi Abdulhakeem ya yi sallama a ƙofar gidan Lukuman.

«Baba, Alhaji da kansa ya ambace ka,» in ji shi, yana miƙa masa sabon littafi.

Lukuman ya dubi littafin kamar an miƙo masa kububuwa. Ya so ya ce a'a. Amma ya tuna mutanen nan za su iya cin zaɓe, ya tuna fanshonsa a hannun hukuma yake, sai bakinsa ya ce «to» tun zuciyarsa ba ta gama shawara ba.

Kubura na bayan zana tana ji. Yaron na tafiya ta fito da muciya a hannu.

«Gudummawa da rasit? A garin wa? Malam, ko bikin ɗiyarka anka yi, faifai aka ajewa, kowa ya zuba, maroƙi ya faɗa, a yi guɗa. Takarda ta haraji ce. Kai kuma da wagga fuska taka, ko zamzam ka ɗauko cewa za a yi kuɗinsa kaka biɗa.»

«To mi zan ce musu, Kubura?»

«Ka ce ba ka lafiya. Ai ba ƙarya ka yi ba, dubi yadda kake rawa.»

Bai ce ba. Ran kasuwa ya bar albasarsa, ya ɗauki littafi, hannunsa da kansa ya kai biro bayan kunne. Ya haddace jawabin da aka ba shi: jam'iyya na roƙon taimakon jama'a don a ƙaryata masu cewa za a sa haraji. Jawabi mai kyau. Sai dai a cikinsa duka, kalma ɗaya kunnen kasuwa ya kama, ita ce ta ƙarshe. Ga Rasit, ga littafi, ga biro, ga maganar haraji. Wa zai tsaya jin sauran?

Ba wanda ya hana shi. Abin da ya fara tsinka masa ciki ke nan. Mai tumatir ya miƙo ba tare da ya ɗago kai ba. Mai gishiri ta kwance bakin zane, ta ajiye a ƙasa, ta juya masa ƙeya. Ya tambayi suna don ya cika ƙa'ida, ko da yake ya san sunan kowa har na kakansa, sai a faɗa masa a ciki-ciki. Ya yanki rabi ya ba mutum, rabin mai suna ya zauna a littafi. Ya san irin wannan bayarwa, shekara talatin da ɗaya ya ci ta. Ba haka ake ba da gudummawa ba. Amma da la'asar Abdulhakeem ya zo ya kwashe abin da aka tara yana washe baki, ya ce jama'a na tare da su. Ya bar masa littafin, ya ja masa kunne: kayan jam'iyya ne, ko shafi ɗaya ya ɓata, sai dai su haɗu wurin 'yan sanda.

Kafin kasuwa ta zagayo, magana ta riga ta yi ƙafa ta yi fiffike. Wai tun ba su ci ba sun fara. Wai sunayen da ke littafin nan, su ne za a fara bi gida-gida, tunda sun nuna suna da abin bayarwa. Motar 'yan adawa ta daina ma dogon bayani, sai dai ta ce, «Kun gani da idonku!» Lukuman na cikin ɗaki yana jin lasifikar tana wucewa. Kwana shida ban da ruwa ba abin da ya zauna masa a ciki. Ya sa littafin ƙarƙashin tabarma, ya ciro, ya sa cikin rumbu, ya ciro, a ƙarshe ya cusa a aljihun 'yar ciki, don ya fi tsoron ya ɓata a bayan idonsa.

Ran kasuwa ya isa layin albasa, ya tarar an ture buhunsa cikin kwata. Ya yi sallama. Mutanen da yake sa hannu a kwano ɗaya da su, kowa ya duƙufa yana gyaran kashin albasar da ba ta buƙatar gyara. Yana tsugune yana ciro buhun, sai ya ji kasuwa ta yi wani irin shiru a bayansa, irin shirun da kaji ke yi in shaho ya gilma.

Ya juyo. Mutane sun fi ɗari. A gabansu Muzzammil mahauci ne, ƙato mai wuya kamar turmi, babban mai baki na 'yan adawa a kasuwa. Wuƙar fawa na hannunsa. Ko mantawa ya yi bai ajiye ba, ko bai manta ba, Allah masani. A bayansa samari, wasu da gora.

«Rasit! Kawo littafin!»

«Ba nawa ba ne, Muzzammil. Aiko ni anka...»

«Kullum aiko ka anka yi! Yau mu za mu aike ka!»

Samarin suka matso. Lukuman ya ja baya har diddigensa ya taɓa ruwan kwata. In ya ba da littafi, 'yan sanda. In ya hana, gora. Ko ta ina ya duba, wurinsa na layin albasa ya tafi.

Sai wata tsohuwa, Delu mai daddawa, ta kutso ta ƙarƙashin hammatar mutane, ta tsaya gabansa tana haki.

«Kai, Lukuman, ɗan nan. Ni ba kuɗina nika biɗa ba, sun sha ruwa. Sunana nika so. Ka ba ni sunana in koma da shi gida.»

Ya dube ta. Hannunsa ya shiga aljihu ya fito da littafin. Ya lasa yatsa, ya buɗe, ya nemo, ya yage.

«Delu mai daddawa.»

Ta karɓa, ta ƙulle a bakin zane, ta juya ta tafi abinta. Wani ya ce, «Ni fa?» Wata ta ce, «Nawa!» Lukuman ya shiga kira yana yagewa. Sadiya mai gishiri. Markus mai gyaran rediyo. Ibrahim mai tumatir. Muryarsa na fita kamar ta ɗan akuyar da aka shaƙe, amma tana fita. Wanda ya karɓi sunansa sai ya sulale, wani ya yayyaga, wani ya jefa a murhun mai ƙosai, wani tsoho ma tauna nasa ya yi ya haɗiye. Taro ya yi ta raguwa, har ya rage sai waɗanda ba su ba da ko sisi ba, wato samarin gora, su da suka zo don duka ba don suna ba. Da Muzzammil.

Littafin ya rage shafi ɗaya. Lukuman ya duba, sai ya rufe da tafin hannu.

Abin da ya faru kuwa, waccan kasuwar, Muzzammil ya yafito shi bayan mahauta inda ba kowa sai ungulaye, ya danƙa masa abin da ya fi na kowa tsoka. Ya ce, «Rubuta ni. In sunka ci, a san ban yi taurin kai ba. Amma in wani ya ji, Rasit, kai da rago ɗaya kuke a wurina.» Ashe mai tsoratar da mutane da haraji, shi ma maganar ta hana shi sakat.

«Na wane ne?» in ji wani saurayi. «Karanta muna!»

«Karanta!»

Lukuman ya ɗago ido ya dubi Muzzammil. Gumi na bin wuyan turmin nan kamar an kwara masa buta. In samarin nan suka ji, mahaucin ya gama baki a Kalgo. In kuwa ya gama, wuƙar tana hannunsa tukuna.

«Nawa ne,» in ji Lukuman. «Ni ma na ba da.»

Ya yage, ya ninke, ya tura aljihu. Ƙaryar farko ke nan da aka taɓa jin ya yi a kasuwa, kuma ko ƙifta ido bai yi ba, don idon ya riga ya ƙafe.

Wani ya ɗaga gora. Muzzammil ya juya kansu kamar bijimi.

«Kai, ku watse! Tsoho za ku doka? Ba ya ba kowa sunansa ba? 'Yan banza marasa aikin yi!»

Suka watse suna gunaguni.

Da la'asar Abdulhakeem ya zo, aka miƙa masa bangon littafi ba ciki. Ya cire gilashi, ya mayar, ya yi Turanci, ya ambaci 'yan sanda sau huɗu. Amma ya dubi fuskokin layin albasa, ya ga ba inda zai samo shaida, sai ya ce an cire Lukuman daga aikin tara gudummawa. Kubura ta ce tun da ta aure shi ba a taɓa yi masa kyauta irin wannan ba.

Kasuwa ta gaba ya zo yana sanɗa. Wurinsa na nan, ba wanda ya zauna. Ya shimfiɗa buhu, ya yi sallama, mutum biyu suka amsa cikin goma. Ya kasa albasa, har rana ta take ba wanda ya taya. Can sai ga Muzzammil ya ratso kasuwa tun daga mahauta, ya tsuguna gabansa, ya ɗauki albasa yana jujjuyawa, yana ɗaga murya yadda kowa zai ji.

«Malam Lukuman, wagga albasa ko zinariya? Rage mini, kada ka kashe ni!»

Suka yi ciniki har da rantse-rantse, irin na mutanen da ba komai tsakaninsu. 'Yan layi suka fara ɗagowa suna kallo, sarkin 'yan albasa ma ya sa baki ya ce a sallama masa. Da mahaucin ya duƙo zai kwashe, sai ya yi ƙasa da murya.

«Ina takardar?»

Lukuman ya ci gaba da gyara kashin albasarsa.

«Tana wurin Kubura.»

Duk Kalgo ba wanda bai san bakin Kubura ba. Muzzammil ya dubi sama, ya dubi ƙasa, sannan ya nuna wani kashin.

«Ƙaro mini wancan ma.»