Na Kai Ɗana Ruƙiyya Saboda Littafin Rasha

A shekarun da gwamnati ke tsuke bakin aljihu, muna zaune a unguwar Levenshulme a ƙasar Turawa, ni da maigida da ɗanmu tilo mai shekara goma sha bakwai. Karatuna bai wuce firamare ba, ga ni da waswasi, sai in sake alwala sau uku kafin in tayar da salla.

Laburaren unguwarmu da aka rage wa kuɗi ya yi gwanjon tsofaffin littattafai. Yaron ya kwaso masu kauri, ya ce labaran mutanen Rasha ne na da. Ran nan muna cin abinci ya tambaye ni ko na taɓa yin addu'a na ji kamar babu mai saurare. Gaskiya na taɓa, amma na ce ya yi istigfari ya rufe mini baki.

Babansa ya ce in ƙyale shi, ƙuruciya ce. Na kasa. Ban iya jefa littattafan a shara ba don na ga sunan Allah a ciki, sai na zuba su a jaka, na sa yaron gaba har Small Heath a garin Birmingham, gidan yayana. Aka kira malami ya yi masa ruƙiyya a falo, 'ya'yan kawunsa na leƙe suna tsokanarsa wai aljanun Rasha sun hau kansa. Muka dawo, tambayoyi suka ƙare, salla a kan lokaci. Har sadaka na yi don murna.

Sai da ya shiga jami'a, na kai masa miya ɗakinsa a unguwar Hulme, ya faɗa mini gaskiya. Ya ce mutumin cikin littafin da yake karantawa a lokacin shakka ce ta addabe shi, kuma saura kaɗan ya ga ko zai koma ga Ubangijinsa na ƙwace. Lokacin da yake tambaya da zuciya ɗaya yake salla. Bayan Birmingham ne ya koma dungura goshi don in gani, wani sa'in ko alwala babu. Daga baya ya nemo littafin ya ƙarasa. Mutumin ya tuba, shi ma a hankali ya dawo, ba da taimakona ba.

Na gode wa Allah. Amma iyaye ku ji: yaron da ke kawo muku shakkarsa bai tafi ko'ina ba, ku saurare shi ko ba ku da amsa. Ni shiru na nema, na kuma samu. Har yau in na kira shi, daga lafiya lau Umma ba ya ƙara komai.