Shuɗiyar Ƙwaya a Bakin Zanena

Ni da nake tashi daga Yalwawa da ƙwaryar daddawa a ka, in je kasuwa in dawo ban nemi wurin zama ba, sai ga shi na kai lokacin da tsakanin ɗakina da bakin rijiya sai na huta sau biyu. Ban gaya wa kowa ba. In numfashi ya tsaya mini, sai in dafa bango in yi kamar ina ƙirga kaji. Matar ɗana ce ta fara ganewa, don ta ga ina ƙirga kajin ko da duk sun fita waje. Ta gaya wa mijinta, shi kuwa ma'aikaci ne a sakatariya, bai iya jin magana ya bar ta ta kwana ba, ya sa ni a mota sai babban asibiti a Kano.

Aka shafa mini wani abu mai sanyi a ƙirji, aka nuno zuciyata a talabijin tana ta motsi a gaban mutane, ko mayafi babu. Likitan ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Baba, hawan jini ne da ke, amma ba irin na kowa ba. Naki a jijiyoyin huhu yake. Sun tsuke, zuciya tana tura jini da ƙyar."

Na ce, "Dama na san ba zan yi ciwo irin na kowa ba."

Ya fito da wata shuɗiyar ƙwayar magani, ya ce ƙananan da aka yi don masu irin ciwona ba su iso mu ba tukuna, saboda haka wannan za a riƙa rabawa huɗu, in sha kashi ɗaya sau uku a rana. Ya juya ya yi wa ɗana wata magana da Turanci, na ga ɗan nawa ya sunkuyar da kai yana duba takalminsa kamar yau ya fara ganinsa. Ban tambaya ba. Sai likitan ya dawo kaina da sharuɗɗa. In na manta ban sha ba, kada in haɗa biyu in rama. Kada in daina don na ji sauƙi. Kada in sha jiƙe-jiƙe ko wani magani sai na tambaya. Duk ma'aikacin asibitin da zai taɓa ni, in fara gaya masa abin da nake sha. Sannan ya ɗaga yatsa.

"Wannan kuma ita ce babba. Akwai wata 'yar mitsitsiyar ƙwaya da masu ciwon zuciya suke sakawa a ƙarƙashin harshe in ƙirji ya riƙe. Ke da ita har abada. Naki yana buɗe hanyoyin jini, ita ma tana buɗewa. In suka haɗu, kamar mai lambu ne ya fasa duk hanyoyin ruwa lokaci ɗaya, ruwan ya baje a ƙasa, bai kai inda ake bukata ba. Jininki zai faɗi, kai ba zai samu ba. In kika taɓa jin jiri mai ƙarfi, ki kwanta, a ɗaga miki ƙafafu, a kai ki asibiti."

Ɗana yana ta rubutawa a takarda. Na ce ya huta da wahala, na maimaita wa likita maganarsa tun daga farko har ƙarshe, har da ɗaga yatsan. Ni da nake riƙe da labaran kakata guda nawa ba a rubuta ko ɗaya ba. Takardar ɗan nawa kuwa, a Wudil ya naɗe mana soyayyen kifi da ita.

Maganin ya karɓe ni. Kwanakin farko kai ya yi ciwo, fuska ta riƙa ɗaukar zafi, hanci ya toshe kamar mai mura, daga baya duk suka lafa. Na daina ƙirga kaji. Da na farkon ya kusa ƙarewa, ɗana ya yi tafiya, sai na ɗauki kwalin da takardar likita na tafi kemis da ƙafata, don unguwa ta ga na miƙe. Na tarar da maza uku a benci suna hira. Na miƙa kwalin. Mai kemis ya duba shi, ya dube ni.

"Baba, wa ya aiko ki?"

"Ni za a aika? Nawa ne."

"To... Baba, mai gidan naki yana lafiya?"

"Shekararsa goma sha ɗaya a ƙasa, Allah ya jiƙansa. Me ya kawo shi cikin maganar?"

Mazan benci suka juyo suna kallona. Mai kemis ya karanta takardar likita sau biyu, sannan ya matso ya rage murya ya gaya mini cewa maganin nan ayyuka biyu gare shi. Ɗaya nawa ne. Ɗayan kuma shi ne wanda ya sa maza suke zuwa sayensa suna waige-waige, su ce wani aboki ne ya aiko su. Nan na gane abin da ɗana ya gani a jikin takalminsa.

Ku tuna lokacin. Shekarun nan ne da aka kawo shari'a, kowa ya zama tela, yana auna tsawon mayafin matar maƙwabcinsa da ido. Ni kuwa a unguwarmu ba a kai amarya sai an kira ni na yi mata faɗa a kan kunya da kamun kai. A ce tsohuwar nan, gwauruwar shekara goma sha ɗaya, ita ce take shan maganin maza sau uku a rana? Ina isa gida na ɓare ƙwayoyin daga kwali, na jefa kwalin a murhu, na sa sabuwar reza na raba kowace huɗu, na ƙulle su a leda a bakin zanena. Duk wadda ta tambaya sai in ce maganin hawan jini ne. Ban yi ƙarya ba, na dai yanke gaskiyar huɗu kamar yadda na yanke ƙwayar.

Ina da aminiya tun muna 'yan mata a Buji, tare muka yi tallar gyaɗa. Ta auri wani Alhaji dillalin shanu, ta je Makka sau biyu har kowa yana kiranta Hajiya, ta dawo da haƙori mai ƙyalli da wata baƙar jaka. A jakar nan akwai ragowar maganin duk wanda ya taɓa ciwo a danginsu, mai rai da mamaci. Ba ta san sunan ko ɗaya ba, da launi take aiki: ja na jini, fari na zazzaɓi, rawaya na ciki. A wurinmu kuwa magani kamar goro yake. Wadda ta ji daɗinsa takan miƙa wa 'yar'uwarta, kuma ba a mayar da hannun mai kyauta.

Ranar sunan jikarta aka gayyace ni Buji. Na sha rabon azahar a cikin mota. Da aka sauke mu a bakin titi, aka ce in hau babur, na ce ba ni hawa, so nake dangi su gan ni ina takawa. Yashin hanyar nan bai san an yi mini magani ba. Kafin in kai gidan, numfashi ya yi sama, ƙirji ya yi nauyi. Na shiga ɗakin mata, ya cika maƙil, har da surukata, uwar matar ɗana, wadda shekara ashirin ina nuna mata ni ba ƙaramar mace ba ce. Na zauna a tabarma ina haki, na dafe ƙirji.

Hajiya ta hango ni. "Ke 'yar daddawa, yaya? Ƙirji ne?"

"Ba komai, Hajiya. Yashi ne."

"Yashi a ƙirji? Miƙo mini jakata." Ta zaro wata 'yar kwalba, ta karkaɗo 'yar mitsitsiyar ƙwaya a tafin hannu. "Na Alhaji ne, likitan zuciya ya ba shi. In ƙirji ya riƙe shi, ya sa a ƙarƙashin harshe, kafin ki ce me ya ware. Buɗe baki."

Na gane ta kamar yadda ake gane fuskar wanda aka taɓa yi maka kwatancensa. Har yatsan likita na gani a gabana. Na ce, "Hajiya, likita ya hana ni haɗa magani."

"Wane magani kike sha? Ba na hawan jini kika ce ba? Alhaji ma hawan jini gare shi, kuma yana sakawa. Ko naki hawan jinin daga Makka aka kawo shi?"

Mata suka yi dariya. Surukata ta ce, "Karɓi mana, Yaya. Ai Hajiya ba za ta ba ki abin cutarwa ba."

Abin da ya rage shi ne in faɗi dalili, dalilin kuwa yana ƙulle a bakin zanena. Na duba ɗakin, mata sun fi talatin, kowace da bakinta da unguwar da za ta koma. Sai na ce a raina ai 'yar ƙarama ce, ko ƙwayar gero ta kusa fin ta. Ni da na haddace maganar likita har da ɗaga yatsa, na buɗe baki kamar ɗan tsuntsu.

Ba a gama zuba mini kunu ba na ji kaina ya sara. Zufa mai sanyi ta keto. Fuskokin mata suka yi nisa, muryoyinsu suka koma kamar daga cikin rijiya. Na yunƙura in tashi in fita, don ko faɗuwa ce ban so a yi ta a gaban suruka, sai na tsinci kumatuna a kan tabarma. Ana salati, ana yayyafa mini ruwa, wata tana cewa iska ce, a kawo tafarnuwa. Cikin hayaniyar na ji muryar Hajiya a saitin kunnena, da ƙarar kwalbar nan.

"Ɗaya ce ba ta isa ba. Alhaji ma wani lokaci sai ya ƙara. Ku buɗe mini bakinta."

Na ji yatsunta a leɓena, suna ƙanshin turare. Na datse haƙoran da suka rage mini, na kawar da kai. Numfashin da nake da shi bai fi na magana ɗaya ba, kuma na san wadda ce.

Na ce, "Maganin maza nake sha."

Hajiya ta janye yatsunta daga leɓena.

"Me ta ce?"

"Maganin maza. Shuɗi. Na huhu ne. In ya haɗu da wannan, kisa yake. Ku ɗaga mini ƙafa. Asibiti."

A kwance, ido a rufe, ni ce na ba da umarni, kuma aka bi. Suka tura buhun gero a ƙarƙashin ƙafafuna, surukata da kanta ta kwance bakin zanena ta ciro ledar, ta riƙe ta da yatsa biyu kamar ta kama kunama. Aka sa ni a motar mai jego sai asibiti. Ma'aikacin da ya karɓe ni ya auna jinina, ya sake aunawa, ya tambayi abin da na sha. Wannan karon ban sha wahala ba, mata huɗu ne suka amsa masa a tare. Ya ɗaura mini ƙarin ruwa, ya ce wa Hajiya da ta ƙara ta biyun, bai san wadda za a kawo masa ba, mara lafiya ko gawa. Hajiya ta zauna a ƙasa ta yi kuka, ta ce me ya sa ban gaya mata ba tun farko, ita da muka yi tallar gyaɗa tare.

Da na koma Kano, likita ya ce, "Baba, ke da kika haddace?"

Na ce, "Haddar tana nan, ɗana. Bakin ne ya buɗe inda bai kamata ba, ya rufe inda ya kamata."

Kafin in dawo Yalwawa labari ya riga ni. Abin da na ƙona kwali don in ɓoye, har a Garki an ji shi. Wata guda mata suna kirana angon unguwa. Amma ba a fasa kirana faɗan amare ba, sai ma aka ƙara, wai yanzu na fi kowa sanin kan zance. Abin da ban zata ba shi ne dattawa. Mutanen da tun rasuwar mai gidana ba su taka zaurenmu ba, sai ga su da lemo a leda, sun zo duba jiki.

Alhajin Hajiya sau uku ya zo. A zuwa na ukun ya yi zancen damina, ya yi zancen farashin shanu, ya yi gyaran murya, sannan ya ce wani abokinsa ne yake tambaya, ko a cikin gutsattsarin nan akwai wanda ya yi saura.

Na ce, "Alhaji, abokin nan naka, yana da 'yar kwalba a aljihun gaba, wadda yake sakawa a ƙarƙashin harshe?"

Hannunsa ya tafi aljihun da kansa.

Na ce, "To ka gaya masa ni kashi ɗaya cikin huɗu na sha, aka ɗauke ni a kan buhun gero. Shi da zai haɗiye guda, Hajiya za ta shiga takaba. Ya je ya tambayi likitansa, da bakinsa, ba da bakin aboki ba. Kuma yau zan gaya wa Hajiya ta riƙa duba aljihun abokin."

Ya tashi ya fice ko sallama babu, ya bar mini ledar lemonsa. Na gaya wa Hajiyar kuwa, a ranar. Bai sake zuwa duba ni ba, in mun haɗu a hanya ma sai ya tsallaka titi. Shekaranjiya na hango shi a bakin kasuwa yana cinikin wani bajimi, yana ɗaga murya, da ransa da lafiyarsa. Na yi masa sallama daga nesa, ya yi kamar yana ƙirga shanu.