Madubin da Vinko Ya Ɗaura wa Bindigarsa

Shekara talatin da huɗu Vinko Kravanja ya yi yana raba wasiƙu a ƙauyukan da ke manne a jikin dutse, ba a taɓa ganinsa da tabarau ba. Sai daga baya aka gane ashe a shekaru goman ƙarshe ba karanta adireshi yake yi ba. Fasalin rubutu yake ganewa, da nauyin ambulan, wani lokaci ma da ƙamshi. Har ya yi ritaya sau biyu kacal ya kai wasiƙa gidan da ba nata ba, ɗaya daga ciki ma aure ta haddasa.

Farauta kuwa tun yana ɗan sha takwas yake yin ta da bindigar mahaifinsa, wadda ba ta da komai a kanta sai ɗan tsinin ƙarfen saiti. Masu ɗaura wa bindiga madubin hangen nesa kuwa, makafin birni yake kiransu.

To, ƙungiyar mafarautan kwarin tana da doka. Kowace shekara in ƙanƙara ta narke, kowa zai harba harsashi uku a takarda daga nisan mita ɗari. Wanda ya faɗi shekara biyu a jere sai ya rataye bindiga, ya koma cikin masu kora, yana bugun itace da sanda yana ihu tare da karnuka. Bara Vinko ya faɗi. Takardarsa ta dawo fes kamar an wanke ta, ta kusa da shi kuwa aka ƙirga mata huji huɗu.

Takardar Ludvik ce, shugaban ƙungiya, abokin Vinko tun suna zama benci ɗaya a makaranta. Ludvik gajere ne mai tumbi, tsohon direban motar katako. Duk wanda ya kashe tsohon bunsurun dutse yakan figi dogon gashin bayansa ya ɗaure ya soka a hula, amma na Ludvik ya wuce misali, sai ka ce tsintsiya ya ɗora a kai. Mutane suna cewa tsawon da Allah bai ba shi ba yake cikewa.

“Na gode da gudummawa, ɗan aike,” in ji Ludvik ran nan. “Baɗi ka turo min duka ukun, in huta.”

Wannan magana ta yi wa Vinko shekara guda a maƙogwaro. Da lokacin gwaji ya sake matsowa, matarsa Zofka ta same shi a bayan gida yana saita bindiga kan bokiti.

“Maigida, me kake nema a can?”

“Bokiti.”

“Bokitin yana hannuna. Waccan kazar maƙwabta ce.”

Washegari ya sa rigarsa ta zuwa coci ya shiga motar safe zuwa gari, shagon Slavka mai sayar da kayan farauta. Ya daɗe yana duba wuƙaƙe da safa kafin ya iya furta abin da ya kawo shi.

“Baba Vinko da kansa?” in ji Slavka. “Yau za a yi ruwa. To, dutse za ka ko kurmi?”

“Duka.”

“Kowa haka yake cewa.” Ta ɗauko madubi biyu ta aje a kan tebur. “Wannan ƙaramin sau huɗu yake jawo abu. A kurmi za ka ga dabba gaba ɗayanta, ka ga abin da ke bayanta. Wannan babban sau goma sha biyu. Kana kan wannan dutse ka ƙirga zoben ƙahon akuyar da ke kan wancan. Amma ka shiga duhuwa da shi, ganye ɗaya zai cika maka ido kamar bargo.”

“Babu mai yin duka biyun?”

“Akwai wanda ake murzawa.” Ta faɗi kuɗinsa. Vinko ya nemi kujera ya zauna.

Da ya dawo hayyacinsa ya ce, “Na Ludvik sau nawa ne?”

“Takwas.”

“Naɗe min sha biyun.”

“Baba, rabin farautarku fa a kurmi kuke yi.”

“’Yata, tun ba a haifi babanki ba nake shiga kurmin nan. Naɗe.”

Ranar gwaji harsasansa uku suka shiga wuri guda, ka rufe su da murfin kwalba. Ludvik ya juya takardar gaba da baya, ya ce a bincika ko wani ne ya rama masa alherin bara. A watan Agusta Vinko ya hau dutse, gwiwoyi suna ƙara kamar tsohuwar ƙofa, ya sauko da bunsuru a kafaɗa. Daga nan kunnen kowa bai ƙara hutawa ba. A bakin coci, a wurin aski, ko gaisuwar mutuwa ya je, sai ya kawo zancen sau goma sha biyu.

Sai aladun daji suka sauko suka tone gonakin dankali, aka sa ranar kora a watan Oktoba. Da safe Ludvik ya rarraba wa kowa matsayinsa a cikin kurmi, ya maimaita abin da kowa ya sani: kada wanda ya gusa daga inda aka aje shi sai an busa ƙaho. Vinko ya samu gindin wani ƙaton itace, gabansa duhuwa ce da ko taku ashirin ba a hangowa.

An yi kamar awa guda, karnuka suna haushi can ƙasa, sai ya ji ganye ya motsa ta hagu, inda babu wanda ya kamata ya kasance. Ya ɗaga bindiga. Madubi ya nuna masa kore, kore, sai ɓawon itace mai girman bango, sannan gashi. Baƙin gashi dogo mai fari-fari a baki. Ko a mafarki Vinko ya san gashin nan. Bunsurun dutse ne, tsoho, kuma a daidai tsayin da bayan bunsuru yake kaiwa. Sanyi kan koro su kurmi, kuma shugaba ya ce in an gamu da ɗaya a ɗauka.

Ya zare makullin bindiga. Ya ɗora yatsa a kan kunama. Gashin yana rawa a hankali, ya cika madubin daga gefe zuwa gefe, ba kai, ba ƙafa, ba komai sai gashi. Vinko ya ɗaga madubin sama kaɗan yana neman ƙaho don ya san shekarun dabbar, ganye ya rufe shi. Ya dawo ƙasa. Zuciyarsa tana cewa taɓa, zai tafi. Ya sake neman kan, bai samu ba.

Sai bunsurun ya yi nishi, ya miƙe tsaye da ƙafa biyu, yana ɗaure wando.

Vinko bai san lokacin da ya zauna a ƙasa ba. Ludvik ya gyara hula, jan ƙyallen da ke zagaye da ita ya fito daga cikin ganye, ya juya ya koma matsayinsa yana ɗan fito. Bai waiwayo ba. Vinko ya cire harsasai, biyu suka zube cikin ciyawa. Aladu uku suka wuce ta gabansa, kusan su taka masa takalmi, ko kallonsu bai yi ba.

Da la’asar aka taru a gidan abincin bakin gada, aka ci miyar wake da kabeji mai tsami, aka buɗe kotu kamar yadda aka saba bayan kowace kora. Alƙali shi ne shugaba, da ludayi a hannu. Wanda ya yi kuskuren harbi ko ya yi barci a matsayi sai ya kwanta a benci a tsula masa sanda uku, ana shewa. Amma saita bindiga a kan mutum ba ya cikin laifuffukan benci. Wannan na rataye bindiga ne, Vinko ya sani, ya kuma san babu wanda ya gani sai itatuwa.

“Ɗan aike,” in ji Ludvik, “an ce aladu uku sun gaishe ka ba ka amsa ba. Sha biyun ne ya yi hutu?”

Vinko ya miƙe, ya dafa tebur. Ya faɗi komai, har da yatsan da ya ɗora a kunama. Cokula suka tsaya. Ludvik ya cire hularsa a hankali, ya dubi gashin, ya aje ta can nesa da shi kamar za ta cije shi. Wuyansa ya jiƙe da gumi.

“Me ya hana ka?” ya tambaya, muryar ba tasa ba.

“Ban ga kai ba. Ba na harbin abin da ban ga kansa ba.”

Tsoho Jernej, wanda ya girmi kowa a ƙungiyar, ya miƙa hannu ya karɓe ludayin. “Alƙali ba ya yanke shari’ar kansa. Kai Ludvik, me ya kai ka hagun mutum ba a busa ƙaho ba?”

Ludvik ya sunkuyar da kai. “Waken jiya ne, Baba.”

Wani ya fashe da dariya ya toshe baki, na kusa da shi ya kama, ɗakin ya ɗauka gaba ɗaya, irin dariyar mutanen da suka tsallake rijiya da baya. Jernej ya buga ludayi a tebur.

“Vinko, hankalinka ya fi idonka, don haka bindiga tana nan a hannunka. Amma wannan bututun ba zai ƙara shiga kurmi da mu ba. Ko ka riƙe shi ka yi ta hawan dutse kai kaɗai, ko ka sauya shi da ƙarami ka zauna cikin mutane. Zaɓi yanzu, miya tana hucewa.”

Ta taga ana hango ƙololuwar dutsen, rana tana kanta. Da ƙaramin madubi ba zai ƙara cim ma bunsuru a can ba, ya sani. Ya dubi fuskokin da ke teburin ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya aika a ɗauko masa bindigar daga mota, ya zaro wuƙar aljihu, ya kwance madubin a gaban kowa ya tura shi tsakanin kwanuka.

“Saura sanda, ku duka biyu,” in ji Jernej. Aka jawo benci biyu. Vinko ya kwanta a ɗaya, Ludvik a ɗaya, fuska tana kallon fuska.

“Baba Jernej,” in ji Ludvik, “don Allah ka fara da shi. Ni yau na riga na karɓi rabona.”

“Kwanta daidai,” in ji Jernej, ya ɗaga sanda.