Makullin da Aka Ba Rabi'u

Daren jiya na yi wani mafarki da har yanzu bai sake ni ba. Ga waɗanda ba su sani ba, wata biyar ke nan da na bar ƙwaya. Ni da abokina Rabi'u rana ɗaya muka fito daga gidan gyaran hali, rana ɗaya muka ba da suna a ofishin walwala, muna neman ɗakin wucin gadi da ake ba irinmu. Shi ya samu. Ni har yau a garejin yayana nake kwana.

A mafarkin na gan ni a ofishin, amma bencin jira ya yi tsawo har ya fita titi. Hajiya Ladi, ma'aikaciyar da ke riƙe da takardunmu, tana tsinke zogale a kan fayil ɗina. Na gaishe ta sau uku, ba ta ɗago ba. Na ce, "Hajiya, in gwajin fitsari za a sake, a shirye nake." Ta ci gaba da tsinke zogalenta.

Sai kawai Rabi'u ya shigo sanye da shaddata ta sallah. Ta miƙe tsaye tana dariya, ta ce, "Ɗana, ka yi ƙiba!" Ta kwance makulli daga gefen mayafinta ta damƙa masa.

Sai kawai ga mu a gidan da aka ba shi ɗaki, ƙofofi koraye a jere, babu rufi. Cikin ɗakinsa kuwa tsakar gidanmu ne. Innata, wadda ta shekara biyu ba ta amsa gaisuwata, tana zuba masa miyar kuka tana yi masa fifita. Na tsaya a taga ina kiran Inna, murya ta ƙi fita.

Rabi'u ya hango ni, ya matsa, ya nuna min gefen tabarma. Ban shiga ba. Allah ya gani, so nake in ce a caje aljihunsa ko akwai ƙwaya, alhali na san babu komai a ciki. Na buɗe baki, wannan karon muryar ta fito, kowa ya juyo.

Nan na farka, ana kiran assalatu. Da hantsi sai ga saƙon Rabi'u, wai in zo ranar Juma'a mu ci abinci a ɗakinsa. Ban amsa ba tukuna.

Jama'a, don Allah masu sani ku fassara min. Gargaɗi ake yi min, ko kuwa abin da ke zuciyata ne aka nuna min? Kuma in je?