Hantsar da na ɓoye wa duba-gari

Salamu alaikum. Shekara talatin da ɗoriya na yi shiru da maganar nan. Ban iya rubutu ba, yadda na faɗa aka rubuta.

Mahauci ne ni a Kwanar Dangora zamanin mulkin soja. Akwai wani duba-gari mai gajeren wando, ran kasuwa sai ya zo ya ce kada a taɓa hantsar saniya sai ya tsaga ya gani. In da kumburi ko mugunya, ya zuba mata kananzir a binne.

Wanda bai taɓa fiɗar akuya ba, wai shi zai koya min nama!

Rannan na yanka wata saniya da ta yi ɓari sau biyu. Hantsar ta yi tauri, nonon ya yi gudaji-gudaji. Na yanke ta da hannuna mai rauni, na tura ƙarƙashin buhu.

Duba-gari ya zo ya ce, "Baba, ina hantsar?"

"Kare ya ɗauke."

Na gasa sama-sama na cinye.

Bayan sati uku zazzaɓi ya kama ni. Ya tafi, ya dawo. Gumi kamar an watsa min ruwa, ƙugu ya riƙe, wuƙa ta gagare ni riƙewa. Abokan sana'a, masana komai, suka ce jifa ne. Wata huɗu ina shan jiƙo da hayaƙin banza, har sallah ta koma a zaune.

Matata Hajara ta ce, "Malam, ko ka hau mota ko in kira ƙannenka su ɗauke ka."

A asibiti a Kano aka ɗebi jini sau biyu. Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Likita ya tambayi sana'ata, ya ce, "Ciwon shanu ne, wanda Fulani ke kira bakkale."

Allura kullum, ƙwaya sati shida. Bijimin nomana ya tafi a magani. Masu cewa jifa ne ko lemo ba su kawo ba.

Alhamdu lillahi, na miƙe. Allah ya saka wa Hajara da likitan nan.

Mahauta, hantsa mai tauri ba rabonku ba ce. Ku bari a duba. Zazzaɓi in ya ƙi tafiya, ku faɗa wa likita aikinku.

Ran da na koma kasuwa, da kaina na miƙa wa mai gajeren wando hantsa.

"Baba, yau karen bai zo ba?"

Na ce, "Duba ka ba ni wuri."