Masar Malam Abdulsalami a Lyon

Duk wanda ya taɓa shan shayi a gidan Malam Abdulsalami a garin Sevran na Faransa ya san abin da ya haddasa yaƙin duniya na farko, ko yana so ko ba ya so. Ba a tambayarsa. Da ka ɗaga kofi sai ya fara: wai wani saurayi ya harbe wani yarima a Sarajevo, sarakunan Turai suka fusata, kuma da yake fushin manya ba ya rasa inda zai sauka, sai aka zo har Damagaram aka ɗauke kakansa Tanko daga gonar gero.

"Mutumin da bai san yariman ba," in ji shi, "bai je gaisuwar mutuwarsa ba ma."

Shi kansa Abdulsalami karatun aikin gona ya kawo shi Faransa. Bai taɓa shuka ko albasa ba. Bas ya tuƙa har gashinsa ya yi fari, yana gaishe da fasinjoji suna kallonsa kamar zai roƙe su wani abu. Ya auri Mariama, 'yar Maraɗi, mace mai hannun girki da bakin da ba ya hutawa.

Tanko bai dawo ba. Wani abokin tafiyarsa da ya komo da ƙafa ɗaya ya ce harsashi ya same shi, aka kai shi jinya Lyon, can ya cika. 'Yar Tanko, uwar Abdulsalami, tana cikin uwarta aka tafi da shi. Da ajalinta ya zo, abu ɗaya ta roƙa: ɗanta ya je inda aka binne ubanta, ya yi masa sadakar masa, mutane su ci su ce amin. Ya ce to. Wannan "to" ɗin ta daɗe tana zaune a ƙirjinsa kamar tuwon da bai narke ba, domin Lyon ba nisa, amma Malam gwanin "bari sai an jima" ne.

Sai da gwiwa ta fara yi masa magana ya tsorata. Shi da Mariama suka hau jirgin ƙasa na TGV, suka sauka ɗakin Rauda, 'yar ƙanensa mai karatu, a unguwar La Guillotière ta Lyon, inda Mariama ta toya masa har maƙwabta suka leƙo neman inda ake gobara. Ya zaɓi ranar sha ɗaya ga Nuwamba, ranar tunawa da ƙarshen yaƙin, don ya ji an ce maƙabartar sojoji tana cika. Lissafinsa na mutumin Damagaram ne: inda taro yake, nan masu ci suke.

Aka yi jawabi, aka busa ƙaho, aka yi shiru. Da jama'a suka fara watsewa, sai ga Malam a bakin ƙofa da babbar riga a kan rigar sanyi, faranti a hannu.

"Bismilla, madam."

"Non merci," in ji matar, wato a'a, ta gode.

Wani ya tambaye shi ko ta wace ƙungiya ce. Wata ta tambaya ko akwai gluten, sinadarin alkamar nan da wasu ke gudu. Wani saurayi Balarabe, wanda Malam ya ɗora wa duk begensa, ya dafa ƙirji ya ce yana régime, wai rage ƙiba yake. Wata tsohuwa mai kirki ta ajiye kuɗi a farantin ba ta ɗauki komi ba, Malam ya bi ta da gudu, gwiwar da komi, yana cewa, "Madam, kin ɓata mini! Ba a saye!" Ta rungume jakarta ta ƙara sauri. Wannan gudun ne ya jawo ɗan sanda, ya zo yana tambayar takardar izinin talla.

"Kyauta ce," in ji Malam.

"Kyauta? Don me?"

Mariama tana gefe tana hura hannuwa. "Malam, ka ga ikon Allah. A gida sai ka tsare masa da sanda. A nan ka bayar kyauta an kira maka hukuma."

"Hajiya, ki bar ni da abin da ya dame ni."

Abin ya dame shi kuwa. Masa tana hucewa, ƙofa tana yin fili, kuma sadakar da ba a ci ba dai abinci ce kawai a faranti. Ya dubi layin fararen duwatsun kabarin, bai san ko wanne ne na Tanko ba, ya ji kunyarsu duka.

Sai wani tsohon Bature mai riƙe da tuta, ƙirji cike da lambobi, hanci ja saboda sanyi, ya tsaya yana shaƙar ƙamshi. Ya ce sunansa Fernand, kuma tun safe bai sa komi a baki ba. Malam ya bayyana masa yadda abin yake.

"Tsaya," in ji Fernand. "Ni in ci, shi mamacin a ba shi lada?"

"Haka ne, Monsieur."

"To nawa kakan ma yana nan kwance. Zai samu wani abu?"

Malam ya sosa ƙeya. "Wannan ba ni ke rabawa ba. Ni dai kawowa nawa."

Fernand ya ce ya ji tsarin da ya fi wannan muni. Ya juya ya daka wa sauran tsofaffin masu tuta tsawa irin ta bariki, suka taho a jere. Mariama, da farin ciki ya ɗebe ta, ta zazzaga musu yaji irin na Maraɗi ba tare da ta tambayi kowa ba. Kafin a ce me, ga tsofaffin sojoji suna tari, hawaye na bin kumatu, tutoci na rawa. Masu wucewa suka ga haka suka cire huluna, suna cewa dubi yadda suke kukan 'yan'uwansu. Wasu suka matso, kuma da yake Bature ba ya ganin layi ya wuce, sai suka shiga. Har ɗan sandan.

Da farantin ya koma fari, Malam ya ɗaga hannu ya kira sunan Tanko da na uwarsa. Fernand ya share hanci ya ce "amen" da ƙarfi, sauran suka bi shi.

Malam ya nemi benci ya zauna, ya rufe fuska da hannun riga. Mariama ta bar shi ya ɗan jima, abin da ba ta saba ba.

"Kai ma yajin ne, Malam?"

"Yajin ne."

"Ai ko ɗanɗanawa ba ka yi ba," in ji ta, ta zauna kusa da shi.