Jinin da ya dawo bayan shekara uku

Assalamu alaikum. Wata biyar rabona da shafin nan. Masu tambayar humra da turaren wuta, ku yi haƙuri, ba lafiya ce ta ɓoye ni ba.

Shekara uku da ɗaukewar al'adata, wata safiya ina shirin shiga kasuwar Kurmi sayo kayan haɗi, sai na ga jini. Ɗan kaɗan. Na share, na ci gaba da harkata.

Bayan sati biyu ya dawo, daga nan ya zama kullum. Na tambayi Malama Hauwa, mai koya mana karatu a unguwar Soron Ɗinki, hukuncin sallata. Ta ba ni amsa, sannan ta riƙe hannuna ta ce, "Hajiya, wannan ba tambayar malami kaɗai ba ce. Ki je asibiti."

Ban je ba. Haka ciwon yayata Binta ya fara, kuma gawarta aka dawo mana da ita.

Sai da jiri ya kayar da ni a tsakar gida 'yata Sadiya ta kai ni asibiti dole.

Aka yi hoto. Likitar ta daɗe tana kallon na'ura. Can ta ce akwai tsiro a cikin mahaifata. Za su zura siririn bututu mai kyamara ta gaba su cire shi, ba sai an yanka cikina ba. Na tambaye ta ko daji ne.

"Ba zan ce e ba, ba zan ce a'a ba. Sai an auna."

Ranar aikin na je ba ci ba sha. Na sa hannu a takarda. Ɗakin sanyi ƙalau. Aka yi min allura, na farka an gama. Washegari aka sallame ni, tsiron kuma aka tura shi gwaji.

Jiran sakamakon ya fi aikin wuya. Na zaunar da Sadiya zan koya mata sirrin humrata, wanda ban taɓa nuna wa kowa ba. Ta gane nufina, ta tashi ta bar ɗakin.

Ba daji ba ne, amma ya kama hanya. Likitar ta ce da na ƙara jinkiri, da wata maganar muke yi. Yanzu ina shan magani, ina komawa ana dubawa. Jinin ya tsaya.

Alhamdu lillahi. Likitoci, nas-nas, da duk wanda ya yi min addu'a, Allah ya saka da alheri.

'Yan uwana mata, in al'ada ta ɗauke sannan kika ga jini, ko ɗigo ɗaya ne, kada ki jira ya sake zuwa.